Motar da Baba Tsoho Bai Ƙera Ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Baba Tsoho, kakana na wajen uba, ya riga mu tafiya. Ya rasu a gidansa na Tambuwal bayan an gama yankan gero, da hantsi, bayan 'yar jinya wadda ba ta wahalar da kowa ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Masu gaisuwa iri-iri suka zo. Mutanen unguwa suka yi ta cewa mutum ne mai haƙuri. Ba gaskiya ba ne, amma haka ake faɗa, mu kuma muka yi ta amsawa da amin. Da na shiga cikin gida ɗauko abinci, na ji wata mata tana ce wa Inna, kakata, "Allah sarki, tsohon ga mai wasan yara." Inna ta ɗago kai daga cikin mayafi ta ce, "Wane yaro? Kin taɓa ganin yaron da yat taɓa mai kayan wasan nan yak kwana lafiya?" Mata suka fashe da dariya a gidan mutuwa, sannan suka koma istigfari.

Sai kuma tsofaffin direbobi. Daga Jabo, daga Fakku, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, kowa a bayan babur ɗin jikansa. Su kan yi addu'a, su shafa, su ɗan zauna don kada a ce. Can sai mutum ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Ɗakin na buɗe?" Ɗakin da suke nufi yana jikin zaure, Baba Tsoho yana kiransa gareji. A ciki akwai katakai jere a jikin bango, a kansu ƙananan motoci na ƙarfe, kowace ba ta wuce a rungume ta da hannu ɗaya ba. Kowane tsoho ya shiga tasa yake nema. Wani daga Fakku, kunnensa ya yi nauyi har bai san yana ihu ba, ya nuna wata roka mai bodin katako ya ce, "Ga ta nan! Ga inda sa yab buge ta!" Sai hawaye. Har yau ban sani ba ko kakana yake wa kuka ko motar.

Mutum ɗaya ne bai leƙa ɗakin ba. Baba Auta, ƙanen Baba Tsoho uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a Kebbe. Ya zauna a ƙarshen tabarma yana karɓar gaisuwa, bai ci komai ba. Motarsa ba ta cikin garejin, kuma duk wanda ke wurin ya san shi ne ya hana. Ita ce motar da kakana ya fi so ya ƙera a duniya, ya yi shekaru yana roƙo, har ya mutu bai samu ba. Na gaida Baba Auta daidai yadda ba za a ce ba ni da tarbiyya ba, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Haushinsa nake ji, ba kaɗan ba.

Baba Tsoho direba ne tun yana saurayi. Ya fara da yaron mota a roka, ya ƙare da akori-kura ƙirar fo-o-fo, shuɗiya, yana ɗaukar hatsi tsakanin Kebbe da Tambuwal a lokacin da hanyar ke cin rabin yini. Baba Auta ne yaron motarsa. Da ciwon baya ya sauke Baba Tsoho daga sitiyari, sai ya bar wa ƙanen nasa motar, ya koma noma da zaman ƙofar gida. Noman ya iya, zaman ne ya gagare shi. Wata rana ya ji masu sayen gwangwan suna sare rokar da ya koyi tuƙi a cikinta, ya je ya tsaya yana kallo har suka gama, ya tsinci wani ɓallin ƙofa ya dawo da shi gida. Inna ta ce ya yi kwanaki yana ƙwanƙwasa abu a zaure ba ya kula kowa. Da ya fito, ga rokar nan a tafin hannunsa, har da rubutun da ke goshinta.

Daga nan ya kafa wa kansa doka biyu, bai taɓa karya su ba. Ba ya yin motar da ke kan hanya, sai wadda ta mutu. Kuma da ƙarfen jikinta zai yi ta, ba da na wata ba. Saboda haka duk direban da motarsa ta kwanta kwanciyar ƙarshe, kafin masu gwangwan su zo, sai ya yanko faifan ƙarfe daga ƙofa ko bonet ya kawo Tambuwal. In gawar motar tana nan, Baba Tsoho kan je da igiya ya auna ta da kamu, yana ƙulla igiyar. Kowane kamu a jikin babbar, faɗin yatsa biyu ne a jikin ƙaramar. In kuwa an riga an sare ta, to mai ita ya shiga uku da tambaya. Madubin hagu a fashe yake ko na dama? Da wace waya aka ɗaure bamba? Sai mutum ya yi da-na-sanin zuwa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: almakashin kwano, ƙaramar guduma, filaya, dalma da kaskon gawayi. Taya daga tsohon silifa yake yankawa, gilashi daga robar ruwa, fitila daga ƙwan tocila. Ƙofa tana buɗewa, sitiyari yana juya tayar gaba. Duk lotsewar da motar ta samu a rayuwarta sai ya sa mata, a daidai wurin. Direba ne kawai ba ya sawa a ciki. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Mai ita ya san wurin zamanai."

Ni da shi wasan jika da kaka ne, ba ma raga wa juna. Ina da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa da babur ɗin da nake sarin kaya da shi. Babur ɗin nan bai taɓa kiransa da sunansa ba, akuya yake ce masa, ni kuma direban akuya. Ni ko ina ce masa mai garejin da ba a taɓa gyara ko keke a ciki ba. Motocin zamani kuwa ba ya ko ɗaga kai ya dube su. "Duk sabulu na," in ji shi. "Wagga awa waccan, waccan awa wagga. Mota ta da tana da fuska." In muna zaune bakin titin Sakkwato tsohuwar mota ta wuce, miƙewa yake yi tsaye, da ciwon bayan da komai, ya ɗaga mata hannu. Akwai ranar da ya sa na bi wata tsohuwar mota ƙirar kunkuru, mai inji a baya, har kusa da Jabo, yana dukan kafaɗata yana cewa in ƙara wuta. Da mai ita ya tsaya, a tsorace, Baba Tsoho ya roƙe shi kada ya kashe injin. Ya durƙusa a bayanta ya saurara har ya ƙoshi, ya yi godiya, muka juyo. Man da na ƙona ko sannu bai ce mini ba.

Faɗa kuwa ya iya. Wani Alhaji mai hali ya taɓa zuwa da sabuwar jif, ya ga garejin, ya ce shi ma a yi masa tasa ya ajiye a falo. Baba Tsoho ya leƙa waje ya dube ta ya ce, "Alhaji, taka na da rai. In ta mutu ka kawo." Alhaji ya ce wannan ai mugun baki ne. Baba Tsoho ya ce ba mugun baki ba ne, kowace mota mutuwa take yi, har wadda ta fi tasa. Sai da liman ya shiga tsakani. Alhajin ya zo gaisuwa, Allah ya saka masa, amma na lura nesa da ƙofar gida ya ajiye motar.

Sau ɗaya na san ya yi wa mota ƙarya. Wani direba a Jabo ya yi hatsari da kiya-kiya, ya rasu a ciki. Ba wanda ya kawo ƙarfe, Baba Tsoho da kansa ya je inda aka ja gawar motar ya yanko. Ya ƙera ta sumul, yadda ta bar gida da safen ranar, babu lotsewa ko ɗaya a gabanta. Ita kaɗai ce kuma bai ajiye a gareji ba. Ya naɗe ta a zane, na kai shi Jabo, ya aika da ita ciki wurin matar mamacin, ya ce a ce mata ta 'ya'yanta ce in sun girma. Bai jira godiya ba, ya ce in tada akuya mu tafi.

To, ita fo-o-fo shuɗiya ta daɗe da tsayawa. Tana cikin gidan Baba Auta a Kebbe, jingine da katanga, an ɗora ta kan duwatsu. Kaji suna ƙwai a wurin zaman direba. Injinta ya daskare tun ina makaranta. Amma in ka ce wa Baba Auta ta mutu, ka taɓo faɗa. Duk Juma'a sai ya wanke ta.

Ran kasuwar Kebbe, Baba Tsoho kan zo shagona da sassafe ya tsaya da igiyarsa a aljihu. Na san zancen. Sai in bar wa maƙwabcina shago mu kama hanya. Yadda abin ke gudana ba ya canzawa. Baba Auta ya fito ya durƙusa ya gaida wansa, a kawo fura, a tambayi mutan gida. Sannan Baba Tsoho ya miƙe ya nufi motar, ya ƙwanƙwasa bonet.

"Auta, motar ga ta mutu."

"Batir na kawai, Yaya."

"Batir? Ina tayarta fuɗu?"

"Suna ɗaki. Rana ka cin roba."

"Ni ba duka ni ka so ba. Faifai guda, awa murfin tukunya."

"Wa ka yanka naman abin da ke da rai?"

Daga nan sai a ɓarke. Wa ya ƙona kuloci a gangaren nan da damina. Wa ya yi barci a sitiyari har suka shiga gonar dawa. Wa ya manta buhun wake a kasuwa. Baba Tsoho ya ce ƙanensa bai taɓa iya sa giya ba tare da ya sa motar kuka ba. Baba Auta ya ce shi dai bai taɓa kifar da ita a rafi ba, kamar wasu. Su yi ta yi har azahar, su yi salla, su ci tuwo, su ɗora daga inda suka tsaya. Ni ina gindin darbejiya ina gyangyaɗi. Da yamma Baba Tsoho ya hau bayana yana huci, ya ce ba zai sake taka Kebbe ba. Wata kasuwar sai ga shi a ƙofar shago.

Da farko abin dariya yake ba ni. Ya daina ba ni dariya lokacin da yanar ido ta fara rufe masa gani. An yi masa aiki, ido ɗaya ya ɗan buɗe, amma hannu kuma ya soma rawa. Na sha ganinsa yana neman bakin almakashi da yatsa. Dalma ta ƙona shi ba sau ɗaya ba. Direbobi suka rage kawo ƙarfe, shi ma ya rage karɓa. Wata rana a Kebbe, a gaban ƙanensa, ya dafa motar ya ce, "Ita ɗai tar rage min. In na yi ta, na aje almakashi." Baba Auta ya ce a kawo ruwan alwala.

Duk abin da ba ƙarfen jikinta ba, Baba Tsoho ya gama shi ya ajiye. Tayoyi, gilashi, kujera da ya ɗinka da tsohuwar fatar jaka, sitiyari na waya, har ɗan madubi. Ya tara su a cikin wani kwanon sha mai murfi. Ganin haka na ce masa akwai matattun fo-o-fo a wurin masu gwangwan, shuɗaye ma, in je in yanko masa. Ya ce, "Waccan ba ita ta ba." Na ce to in lallaɓa Kebbe ran da Baba Auta ya tafi gona, in yanko faifai, wa zai sani? Ya juyo da idon nan mai gani ya ce, "Motar sata ba ta shiga garejina. Shi za shi ba ni da hannunai."

Zuwanmu na ƙarshe da damina ne. Hanya ta lalace, sai da muka sauka muka tura babur a wurare da dama, rigarsa duk laka. Ranar bai ƙwanƙwasa bonet ba, bai yi zancen kuloci ba. Ya zauna a kan dutsen da ke tallafe da motar ya ce, "Auta, yau ba faɗa niz zo ba. Roƙonka ni kai. Idon ga ba shi kai wata damana." Ban taɓa jin ya yi wa kowa irin wannan roƙo ba, balle ƙanensa. Baba Auta ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Ya ce, "Bari a ga bayan kaka, Yaya." A hanyar dawowa Baba Tsoho bai zagi akuyata ba. Ya dai riƙe rigata da hannu biyu.

Kaka ta zo, aka yanke gero, ya kwanta, ya tafi.

Bayan an watse daga zaman makoki na shiga gareji in share, na ga kwanon nan a kan katako na ƙarshe, kusa da wurin da ya bari fili. Na buɗe na ga 'yan tayoyin. Raina ya ɓaci. Na ɗaure kwanon a bayan babur na nufi Kebbe, ban gaya wa kowa ba, don na san Inna za ta hana ni. Niyyata in ajiye masa shi a gabansa ya gani da idonsa, in juyo.

Na same shi a tsakar gida da hantsi, yana zaune kusa da motar. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye kwanon na buɗe murfin. Na ce, "Ga abin da yab bari, Baba. Faifai guda yaj jira har yam mutu."

Ya ɗauki taya ɗaya ya jujjuya ta a tafinsa. Ya ɗauki kujerar ya shafa ɗinkin. Bai yi fushi da tsayuwar da na yi masa a kai ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya dafa gwiwa ya miƙe ya ce, "Taho."

Ya ratsa da ni ta ɗan tsukin da ke tsakanin motar da katanga, inda ba mai bi sai kaji. A jikin ƙofar wancan gefen akwai rami mai kusurwa huɗu, an yanke shi da kyau. Bakin yankan ya yi tsatsa, ruwan sama ya daɗe yana dukansa. Daga nan ya shiga ɗaki, ya durƙusa ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ya warware tsohuwar riga. Faifan ƙarfe ne shuɗi, an daddale shi, an goge gefensa don kada ya yanki hannu.

Na ce, "Yaushe kay yanke shi?"

"Tun randa yac ce ita ɗai tar rage."

"To mi yah hana ka ba shi?"

Ya zauna a bakin gado da faifan a cinyarsa. Ya ce, "Kai ka kawo shi, ba ka ji abin da yac ce ba? In ya yi ta ya aje almakashi. In ya aje, mi za shi kawo shi Kebbe?"

Na ce ai shi yana iya zuwa Tambuwal, mota ba ta ƙare ba.

"Ina zuwa mana. In durƙusa zaure, shi ce an zo lafiya, in ce lafiya lau. Shi tambayi gero, in ce mun gode Allah. Shi ke nan, sai in zauna can ƙasa cikin mutane har in tashi. Wana na, ga ɗiyanai, ga surukkai, ba ni iya buɗa baki in ja da shi. Amma nan, bisa motar ga, sai mu yini muna faɗa awa muna cikinta." Ya goge faifan da hannun riga duk da ba ƙura a kai. "Kullum in kunka hau babur sai in ce kasuwa mai zuwa ni ka ba shi. Ran da yar roƙe ni, na taso in ɗauko, na kai ƙofar ɗakin ga. Sai nic ce bari in ƙara samun zuwa guda."

Faɗan da na ɗauko tun daga Tambuwal na neme shi na rasa. Na zauna a ƙasa, inda ya kamata in zauna tun farko. Tausayinsa ya kama ni, da na kakana, har na rasa wanda na fi tausaya wa.

Ya miƙo mini faifan. Na ce, "Baba, ni ban iya ba."

Ya ce, "Na sani. Ni ma haka."

Muka sa faifan a kan kwanon, ya mayar da su tare ƙarƙashin gado. Aka kawo fura muka sha. Da na tashi tafiya ya rako ni har ƙofar gida, ya tsaya yana kallona ina tada babur. Sai da injin ya kama ya ce, "Kasuwa mai zuwa, kana tahowa?"

Na ce, "Ba ni da abin saye Kebbe, Baba."

Ya ce, "Shi ma bai taɓa sayen komi ba."

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa zafin ransa. Mu da ya bari Allah ya ba mu haƙuri, ya fara da na Kebbe.